Abin da Ake Yi a Ɗakin Inna

Litinin, 1 ga Satumba

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Inna ya shanye, wata biyu da zuwan matar da ke kula da ita. A gabanta Anti nake ce mata. A nan kuwa, tunda kundina ne, Shiru-shiru zan kira ta, don ban taɓa ganin mace mai jiki haka da ba a jin takunta ba. Sai dai ki waiga ki gan ta tsaye a bayanki da kofi a hannu.

Ba ni da abin cewa a kanta. Bakwai da rabi tana bakin ƙofa, ba ta tafiya sai na dawo daga shago. Inna tsaf, ɗaki tsaf. Yaya ne ya samo ta, kuma abin da Yaya ya samo ai ba ya laifi, ko da yake shi sau ɗaya a mako yake leƙo mu.

Yau a shago ciniki ya yi sanyi, tabarau biyu kawai na haɗa wa gilashi. Abokiyar aikina da muke kira Rediyo ta turo min wani littafi a waya, ta kuma jefa ni guruf ɗin masu karanta shi ba ta ko tambaye ni ba. Wai na ban tsoro ne. Na ce ni aljanun littafi ba sa tayar min da gashi. Ta ce, “Ai babu aljani ko ɗaya a ciki. Shi ya sa.”

Laraba, 3 ga Satumba

Na wuce tashata a bas saboda littafin nan. Sai da na taka baya da ƙafa.

Labarin wata mata ce da ta ɗauko wa tsohon mahaifinta mai kula da shi. Shi ke nan fa. Ba jini, ba ihu. Mai aikin tana da kirki, tana da tsafta, ba ta ɗaga murya. Sai dai kullum matar ta dawo gida sai ta tarar wani ƙaramin abu ya gusa daga wurinsa. Cokali. Labule. Tsohon kuma kullum sai ƙara yin shiru yake.

Guruf ɗin ya fi littafin tayar da hankali. Wata mai suna Uwar Biyu ta rubuta wai tunda ta kai babi na shida ba ta iya shan ruwan da ba ita ta zuba ba. Wani ya ce shi dodo bai dame shi ba, tunda dodo ba shi da makullin gidansa. Wata ta ce ta sallami mai yi mata shara, “ba don ta yi komai ba, na daina iya juya mata baya ne kawai.” Aka yi ta tura mata hoton dariya. Ni ma na tura.

Alhamis, 4 ga Satumba

Dardumar ɗakin Inna. Gefen da ya ƙone da dutsen guga kullum a ƙarƙashin gado nake ɓoye shi. Yau yana bakin ƙofa.

Shara ce ta yi mana. Me kuma?

Asabar, 6 ga Satumba

Ba aiki, ni na yi wa Inna wanka. A damtsenta na dama, wanda bai mutu ba, akwai tabo shuɗi-shuɗi guda uku a jere. Kamar yatsu.

Na ce, “Inna, me ya same ki a nan?” Kalmomin da suka rage mata ba su fi biyar ba: to, a'a, ruwa, kai, sai sunana na gida, Auta. Ta ce “a'a,” ta kau da kai. Na ce, “Anti ce?” Sai ta damƙe min hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ƙura min ido. Ban san me idon yake cewa ba. Ki taimake ni ne, ko ki yi shiru?

Na kira Yaya. Ya ce fatar tsofaffi haka take, ko juya su aka yi sai ta nuna. Ya ce, “Auta, ki rage tunani.” Cikin sauri ya faɗa, kamar amsar tana aljihunsa tun kafin in tambaya.

Litinin, 8 ga Satumba

Na tambayi Shiru-shiru maganar tabon da safe, ina ɗaura agogo kamar ba komai ba. Ta ce, “Wajen ɗagawa ne, Auta. Zan ƙara kula.” Ko ido ba ta ƙifta ba. Mai gaskiya ba ta ɗan rikicewa in an tuhume ta? Ko mai gaskiyar ce ba ta rikicewa? Ban ma sani ba.

Na faɗa wa Rediyo lokacin cin abinci. Ta ajiye cokali ta ce, “Babi na tara!” Na ce ke dai ba ki da hankali. Amma da na koma aiki sai na ɗaure kusar firam ɗin tabaran wani dattijo fiye da ƙima ta karye. Oga ya dube ni ta saman tabaransa.

A guruf akwai wata Tsohuwar Malama da kullum take saɓa wa kowa. Yau ta ce: “Ku duka mai aikin kuke kallo. Ni matar nake kallo. Babi tara ba ta zauna da ubanta minti goma ba.” Aka yi mata ca. Ni haushi ta ba ni. Irin mutanen nan ne da ba su taɓa jinya ba.

Talata, 9 ga Satumba

Inna barci take yi tun kafin in gama cire takalmi. Da can tana jirana, idonta a ƙofa. Mako biyu ke nan a galabaice nake tarar da ita. Na ƙirga ƙwayoyin maganinta ɗaya bayan ɗaya a kan faranti. Daidai suke. Na sake ƙirgawa. Daidai.

Abin kunya, sai na ji kamar ban ji daɗin da suka cika ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wannan ba littafi ba ne, da idona na gani.

Ina shafa wa Inna mai a ƙafa da yamma, sai ga tafin ƙafarta da datti. Duka biyun. Irin baƙin da ƙasan ɗaki ke sa wa. Mutumin da daga gado sai keken guragu, daga keke sai gado, me zai kai tafin ƙafarsa ƙasa?

Ranar da Shiru-shiru ta fara aiki abu ɗaya na gindaya mata: kada a tsayar da Inna, ko na daƙiƙa ɗaya. Na san dalilina. Kafin ta zo ni na gwada tsayar da ita a banɗaki, ta sulluɓe min, goshinta ya daki bakin famfo. Ɗinki huɗu. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar. Takardar motsa jikin da likitan gashin ƙashi ya ba mu tun ranar na cusa ta ƙasan durowa. Ya je ya tsayar da tasa uwar.

To jan ta ake yi a ƙasa? Ko barin ta ake yi zaune a bakin gado, ƙafa a ƙasa, ita tana can tana harkarta?

Juma'a, 12 ga Satumba

Na haɗu da matar bene na sama a matakala, tana saukowa da kwandon wanki. Muka gaisa, ta ce, “Jikin Inna dai da sauƙi ko? Don wajen sha ɗaya nakan ji ta tana...” Na ce tana me? Ta ce, “Kamar nishi, kamar kuka. Kullum. Na taɓa ƙwanƙwasawa, aka ce min daga ciki lafiya lau.”

Na gode mata. Na shiga, na tarar da Shiru-shiru tana ninke zanin gado, ta ce, “Sannu da dawowa, Auta, yau kin gaji.” Har da miƙo min ruwa. Na karɓa na ajiye.

Na rubuta a guruf, karo na farko, ba tare da na ce ni ce ba: wata ƙawata tana zargin mai kula da mahaifiyarta, me za ta yi? Cikin minti biyar amsa ta fi talatin. Ta kore ta yau. Ta kira 'yan sanda. Kada ta nuna ta gane, irinsu in suka san an gane sun fi haɗari. Uwar Biyu ta ce a ɓoye waya tana naɗar murya. Tsohuwar Malama ta ce, “Ƙawar taki ta tambaye ta mana.” Ba wanda ya kula ta.

Litinin, 15 ga Satumba

Tsohuwar wayata tana bayan akwatin da ke kan kabad. Na cika mata caji. Allah Ya yafe min in zunubi ne.

Talata, 16 ga Satumba

Na saurara a ɗakin bayan shago, inda muke yanka gilashi, na kunna injin don kada Rediyo ta ji.

Awa uku ba komai. Ƙarar cokali, ruwa, labarai. Sai sha ɗaya saura. Ƙarar kulle ƙofa. Ana jan wani abu a ƙasa. Sai muryar Shiru-shiru, amma ba wadda na sani ba, wata murya ce busasshiya: “Tashi.” Nishin Inna. “Ban ce ki kalle ni ba, tashi na ce.” Inna tana “a'a, a'a.” Ita kuma: “Ba zan ɗaga ki ba. Kukan ba zai yi miki komai ba. Sake.”

Sake. Sake. Na ƙirga goma sha ɗaya kafin na kashe.

Na yi amai a makwararar da muke wanke gilashi. Da na dawo gida ban iya kallon Shiru-shiru ba, ta yi min sai da safe na amsa da ka. Ban kira Yaya ba, zai ce in rage tunani. Na mayar da wayar bayan akwatin. Gobe da idona.

Laraba, 17 ga Satumba

Zan rubuta yadda ya faru, ba yadda nake so ya faru ba.

Na ce wa Oga kaina ke ciwo, na fito goma da rabi. Na cire takalmi tun a matakala. Na buɗe ƙofar gida a hankali. Ƙofar Inna a rufe, amma ina da makullinta na biyu. Daga ciki ina jin “Sake,” ina jin nishi. Na murɗa na banka.

Darduma a naɗe a jikin bango. Keken can gefe. Inna a TSAYE a tsakiyar ɗaki, zufa na zuba, hannunta mai rai a kan kafaɗar Shiru-shiru, ita kuma ta riƙe mata damtse, tana ja da baya kaɗan-kaɗan. Ƙafar da ta mutu tana jan ƙasa tana biyowa.

Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. “Sake ta!”

Inna ta firgita ta waigo, gwiwarta ta lanƙwashe. Na ga goshinta ya nufi ƙarfen gado, irin na wancan karon sak, ni kuma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Shiru-shiru ce ta jefa kanta ƙasa, Inna ta faɗo a kanta. Na ji wuyan hannun Shiru-shiru ya daki siminti.

Tare muka mayar da Inna gado. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Shiru-shiru ta ce min, “Mu je kicin, kada mu yi a gabanta.”

A kicin na zazzage mata komai. Na ce na hana ki, kin ci amanata, kina kulle ƙofa kina azabtar da tsohuwa. Ta bar ni na gama, tana riƙe da hannun da ya fara kumbura. Sannan ta ce, “Kwana uku da zuwana na fita ɗauko ruwa, na dawo na same ta rabin jiki a ƙasa tana ƙoƙarin tashi ita kaɗai. Ko da ni ko ba ni, sai ta yi. Na ga gara da ni.”

Na ce me ya hana ki gaya min?

Ta ce, “Ita ta hana. In na ambaci sunanki sai ta ce a'a. Na san ban kyauta ba da na ɓoye. Amma jikin nata ne, Auta.”

Na ce da wannan muryar kike yi wa uwata magana? Ta ce, “In na lallashe ta kuka take yi ta koma ta kwanta. In na yi mata tsawa haushi take ji, haushin ke tayar da ita.” Sai ta ƙara da cewa, “Wayarki kuma tana bayan akwati. Na gan ta tun shekaranjiya wajen goge ƙura. Ban taɓa ba.”

Wannan maganar ce ta ƙone ni fiye da komai. Na ce ta tattara kayanta. Ba ta yi musu ba. Ta leƙa ta yi wa Inna sallama, ta sauka da jakarta a hannun hagu.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yaya ya zo da safe a fusace. Ashe ya sani. Shi ya koma wajen likitan gashin ƙashi ya karɓo wa Shiru-shiru wata takardar motsa jikin. Na ce wato ku uku kuka haɗa min kai a gidan da nake kwana? Ya ce, “Wa ya isa ya gaya miki? Tun faɗuwar nan kin mayar da Inna kamar ƙwai.” Na ce kai da kake zuwa ran Lahadi da ledar lemo ka san me? Muka yi kaca-kaca. Ya tafi bai sha shayinsa ba.

To ai ban yi kuskure ba. Na ce ana ɓoye min wani abu, kuma ana ɓoyewa. Wannan dai ba wanda zai ƙaryata.

Na ɗauki hutun mako biyu.

Asabar, 20 ga Satumba

Inna ta juya fuska bango. In na kawo cokali sai ta datse baki. Jiya loma huɗu, yau uku. Ba ta kira sunana ba tun Laraba.

Na gama littafin da rana ina zaune a gefenta. Bai faɗi ko mai aikin ta yi wani abu ko ba ta yi ba, haka ya ƙare. Guruf ya kama da wuta. Rabi na cewa marubucin ya yaudare su, rabi na cewa nan ne gwanintar. Uwar Biyu ta tambaya, “Ina mai ƙawar nan? Me wayar ta kamo?” Na ga saƙon na wuce.

Can ƙasa wata da ba ta taɓa magana ba ta rubuta: “Ni aikin kula da tsofaffi nake yi. Tunda littafin nan ya fito, uwar ɗakina ta fara sa alama a kwalbar mai. Ku kuna jin daɗin tsoronku, mu muke kwana da shi.” Mutum biyu suka ba ta haƙuri, aka koma gardamar babin ƙarshe.

Na kife wayar a kan gado.

Talata, 23 ga Satumba

Na shiga wanka, minti goma bai cika ba. Na fito na tarar da Inna zaune a bakin gado, ƙafa biyu a ƙasa, hannunta damƙe da ƙarfen gado, tana jijjiga gaba da baya za ta miƙe. Ita kaɗai.

Na durƙusa a gabanta ina kuka ina cewa Inna ki rufa min asiri. Ta dube ni, karon farko a kwana shida. Ta ce, “Kai.” Irin “kai” ɗin da take min ina yarinya in na cika raki.

Da yamma na bar ta da matar bene na sama, na karɓi kwatancen gidan Shiru-shiru wajen Yaya. Na ce masa wani zanenta ta manta zan kai mata. Zanen dai da gaske ta manta shi.

Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon gyaran firij. Hannunta a naɗe da bandeji, tsagewar ƙashi ce, mako huɗu. Ta shimfiɗa min tabarma, ta tambayi Inna kafin na zauna. Na miƙa zanen. Na yi ta juya maganar a baki, ƙarshe abin da ya fito shi ne, “Ba ta cin abinci.” Ta ce ta sani za a yi haka. Na ce, “Anti, ki yi haƙuri.” Ta ce ta haƙura, amma ba za ta iya komawa aiki gidan da ake ɓoye mata waya ba, ko da hannun ya warke. Ban ga laifinta ba. Na ɗan gani, amma ban faɗa ba.

Har na kai ƙofa ta ce, “Ranakun Lahadi ba na komai. Zan zo in nuna miki. Ke za ki riƙe ta, ni da baki kawai.”

Lahadi, 28 ga Satumba

Anti ta zo ƙarfe goma. Inna da ta gan ta sai da ta cinye burodinta tas, kamar da gayya.

Anti ta nuna min inda zan tsaya da yadda zan sa ƙafa in tare gwiwar. Na ce, “Inna, tashi, don Allah, a hankali.” Su biyun suka dube ni. Anti ta ce, “Roƙonta kike yi?” Na daure na ce, “Tashi!” Inna ta harare ni, ta tashi.

Taku biyar a kafaɗata. Nauyinta ya fi yadda na zata, numfashinta a kunnena. Da muka kai jikin tebur ta kama bakinsa da hannunta, sai Anti ta ce, “Yanzu matsa. Hannu a baya, Auta.” Na ce ba zan iya ba. Ta ce, “To rufe ido.” Ban rufe ba.

Har yanzu ina ganin ya kamata a ce sun gaya min, kuma ba zan fasa faɗa ba. Jibi wata sabuwa za ta fara zuwa, ƙanwar ƙawar Anti ce, ban san halinta ba, zan sa ido. Wannan dole ne.

Inna ta tsaya ita kaɗai har na ƙirga tara. Farcena ya fasa min tafin hannu, sai yanzu da na riƙe biro na lura. Amma ban taɓa ta ba.